Watandar intanet: kundin aikinmu a wani gari na ƙasar Jega

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau aka yi zaman farko, a ajin firamare bayan la'asar. Abin da muka sa gaba shi ne mu jawo intanet daga Jega, a jihar Kebbi, zuwa garinmu ta iska, mu raba shi cikin gari ta waifai, a farashin da ɗan makaranta da mai tallar ƙosai za su iya biya. Ni aka ɗora wa rubuta yadda aikin ke tafiya, don waɗanda suka sa kuɗinsu su san inda aka kwana, kuma don wani gari mai irin matsalarmu ya ga hanyar da muka bi.

Ƙarfen sabis ɗaya ne kusa da mu, shi ma can yake bakin kwalta. Kira yana shiga, saƙon murya ma yakan tafi in an yi haƙuri, amma hoto ko bidiyo sai mutum ya hau tudun bayan makaranta ya ɗaga waya sama. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 mun ji jiki. Mutum zai yi tiransifa, a cire masa kuɗi, mai kaya bai ga komai ba, a tsaya ana rantse-rantse a tsakiyar kasuwa. Ɗalibanmu kuwa duk abin da ya shafi JAMB, ko duba sakamakon WAEC da NECO, ko cike takardar rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun bana, sai sun biya kuɗin mashin zuwa Jega, ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mashin ya ninka ya sake ninkawa.

Tsarin da gwamnatin tarayya ta fitar na faɗaɗa intanet daga 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin gudun megabit 10 a karkara, da farashin da bai wuce ₦390 ba a kan giga ɗaya. Shekara guda ta rage wa'adin ya cika, mu dai ba mu gani a ƙasa ba. Ba na ganin laifi ne mu ci gaba da kira ga hukuma, amma zama jira ba zai kai mu ko'ina ba.

Da aka tambaye ni yadda abin zai yi araha, na ce da su watanda za mu yi. Mutum ɗaya ba ya sayen sa don miyar gidansa, amma in aka haɗa kuɗi aka yanka aka kasa, kowa zai sami naman da ya fi na mahauci yawa. Za mu sayi layi guda mai ƙarfi a farashin sari, mu kasa shi. Nan take kowa ya gane. An kafa kwamiti, an kuma amince a yi wa tafiyar rajista a matsayin ƙungiyar gama kai, da asusun banki wanda sai mutum uku sun sa hannu kafin kuɗi ya fita.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 2024

Mun je gaida uban ƙasa, mun gabatar masa da aikin. Ya saurara har muka gama bai katse mu ba, sannan ya yi tambaya biyu, kuma duk biyun sun fi waɗanda muka shirya wa amsa nauyi.

Ta farko: "Wanga abu naku, in miyagu sunka shigo gari, su ma za su iya amfani da shi?"

Ba tambayar banza ba ce. Kowa a nan yana tune da watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, har 'yan uwanmu na can sai sun ƙetara wata jiha kafin su buga waya. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, namu ba ya wuce iyakar gari, kuma ba mai shiga sai da tikiti. Duk wanda ya sayi na mako ko na wata za mu rubuta sunansa da lambar wayarsa, lambar kuma yanzu a haɗe take da NIN." Na kuma faɗa masa gaskiya cewa ba za mu iya karanta saƙon kowa ba, ba ma kuma so, domin saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa.

Ta biyu: "Kuɗɗin nan, hannun wa za su zamna?" Ya tuna mana injin niƙa da aka taɓa saye da kuɗin gayya, da famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace aka rasa wanda zai ce ga inda kuɗin gyara suka shiga. Ya sa sharaɗi cewa duk ƙarshen wata a liƙa lissafin shiga da fita a jikin allon ƙofar fada, inda kowa zai gani. Mun karɓa hannu bibbiyu. A ganina wannan sharaɗin ya fi duk wata na'ura da za mu saya muhimmanci.

Ya ba mu izinin ɗora eriya a kan ƙarfen tankin ruwa na gari, ya kuma ce mu je mu ga liman kafin mu kafa ko da ƙusa ɗaya.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Makonnin nan sun tafi a awon hanya. Tsakanin tankinmu da hasumiyar kamfanin da za mu sayi layi a wurinsa a Jega kilomita 18 ne a miƙe. Eriyar da za ta haɗa wuraren biyu tana aiki a zangon gigahaz 5, irin wannan zango kuma ba ya ratsa tudu, ba ya son ganye. Dole eriya biyun su riƙa ganin juna.

Ganin juna kaɗai ma bai wadatar ba, nan ne na sha wahalar yi wa kwamiti bayani. Saƙon rediyo ba siririn layi yake bi ba, yana buɗewa a tsakiyar tafiya ya sake tsukewa in ya kusa isa. A nisan kilomita 18, buɗewar nan a tsakiyar hanya tana kai mita 15 ƙasa da layin da ido ke bi, kuma ƙa'idar masu aikin ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan fili ya zama ba abin da ya tare shi, wato kamar mita 9. Sai kuma doron ƙasa. Duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, a wannan nisan ƙasar tsakiyar hanya tana tasowa da kusan mita 5. In ka ɗora tsawon itatuwa, ka ce mita 12, kana bukatar layin ya wuce tsakiyar hanya a tsayin mita 26 ko fiye.

A ɓangaren Jega sun yarda su ba mu wuri a mita 36. Ƙarfen tankinmu mita 12 ne, mai walda zai ƙara masa bututu na mita 6, ya zama 18. Tsakiyar layi ke nan mita 27. Ya wuce, amma da ƙyar.

Taswirar kwamfuta ba ta san itace ba, saboda haka muka bi hanyar da mashin, gona-gona, ana tsayawa ana duba abin da ke kan layi. Yawanci gawo ne da darbejiya tsilla-tsilla, sai lambun mangwaro ɗaya a kwari wanda bai dame mu ba. Akwai wata tsohuwar kuka a kan ɗan tudu kamar kilomita biyu daga gari, ba ko ganye ɗaya a jikinta yanzu. Hazo bai bari mun hango Jega da ido ba, don haka muka jira dare, wani ya hau hasumiyar can da fitila mai ƙarfi, mu kuma muna kan tanki. Sai da aka kusa sha ɗaya hasken ya bayyana, ɗan mitsitsi, yana ƙiftawa sau uku kamar yadda muka shirya. Yaran da suka biyo mu suka ɗauki kabbara a ƙasa.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Samari sun matsa da tambayar me ya hana mu sayi Starlink kawai mu huta da hawan ƙarfe. Tun watan Janairun 2023 yake aiki a Najeriya, kuma na ga yadda yake gudu, ba a magana. Amma yarjejeniyar da mai saye don gida yake amincewa da ita ta hana sayar wa wasu, kuma dokar ƙasa ta ce duk mai sayar wa jama'a intanet sai da lasisin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Ba za mu gina abin da gari zai dogara da shi a kan abin da za a iya kashe mana rana ɗaya ba tare da muna da bakin magana ba.

Shi ya sa muka bi ta hannun kamfani mai lasisi wanda wayarsa ta faiba, wato kebul mai ɗauko intanet, ta iso Jega. Su ne masu layi a idon hukuma, mu wakilansu ne masu rabawa a gari, an kuma rubuta haka a takarda. Mun ɗauki megabit 50 namu mu kaɗai, biya wata-wata, da damar ƙarawa in mutane sun yi yawa.

Ba mu ne farau ba. Gidauniyar Fantsuam ta yi irin wannan a Kafanchan shekaru da dama da suka wuce. A Afirka ta Kudu akwai Zenzeleni, wadda mutanen ƙauyen Mankosi suke gudanarwa a matsayin ƙungiyar gama kai. A Kano kuma cibiyar CITAD ta daɗe tana horar da matasa a kan hanyoyin sadarwa na al'umma, tana kuma kira da a yi musu doka ta musamman. Da akwai lasisi mai sauƙi da aka tanada don ƙananan garuruwa, da watan da muka ɓata a kan takardu ya tafi a aiki.

Laraba, 22 ga Janairu, 2025

Shekaranjiya NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Daga jiya zuwa yau mutanen da suka zo biyan kuɗin rajista sun fi na makonni biyun baya. Wasu da suka ce sai sun gani da ido su ma sun kawo nasu. Kuɗin kayan aiki ya kusa cika, saura na batir.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, 2025

Layi ya haɗu ranar Alhamis da hantsi.

Saita eriyar ne ya ci lokaci. Faifai ne mai faɗin da bai kai tsawon hannu ba, kuma a wannan nisan in ka karkata shi kaɗan ya bar Jega gaba ɗaya. Ƙanena yana sama ɗaure da igiya a ƙugu, sifana a hannu, ni ina ƙasa da kwamfuta ina karanta masa ƙarfin sigina. Ya juya kwata, mu jira lambar ta zauna, ya sake juyawa. Iskar hunturu tana kaɗa bututun, hannunsa ya bushe har ya tsage. Da lambar ta daina gyaruwa ya ɗaure notin, muka gwada gudu, ya ba mu abin da muka saya cif. Kiran bidiyo na farko wani dattijo aka yi wa, da ɗansa da ke aiki a Fatakwal. Ya riƙe wayar da hannu biyu yana ta cewa, "Ɗan nan ka rame."

Wuta ita ce rabin aikin. Ba za mu dogara da ta layin gwamnati ba, don takan yi kwanaki ba ta leƙo ba, janareta kuwa man da zai sha zai cinye arahar da muke nema. Duk kayan da ke kan tanki, wato eriyar Jega da eriya uku masu watsawa cikin gari da rauta (na'urar da ke sarrafa shigar mutane intanet) da abin raba layi, suna jan wat 60 ne in an haɗa. A awa 24 ya zama wat-awa 1,440. Mun sayi batirin litiyam mai ɗaukar wat-awa 2,560, da faifan sola biyu, ta yadda ko an wuni da hadari zai kwana da rai. Inbata ba mu saka ba, kayan duka daga batir suke sha kai tsaye, domin ita kanta inbata tana cin nata rabon wutar.

Abin da ba ya cikin lissafi shi ne ƙura. Cikin 'yan kwanaki faifan sola ya yi fari fat, cajin ya ragu ƙwarai. Mai gadin tanki ya karɓi aikin goge shi da tsumma mai laushi duk safiya, an ƙara masa wani abu a kan alawus ɗinsa.

Laraba, 12 ga Maris, 2025

Mun buɗe wa jama'a ranar 1 ga wata, daidai da ɗaukar azumi. Tikitin wuni ₦100, na mako ₦500, na wata ₦1,500. Tikitin 'yar takarda ce da lamba a jiki, kana shiga waifai shafi zai buɗe ka rubuta lambar. Ba ma ƙirga giga, gudu muke ƙayyadewa, kowace waya megabit 2, wanda ya isa kiran bidiyo da kallon karatu ba yankewa. Masu shagon caji da masu POS su ke sayarwa, suna samun ₦10 a kowace ₦100.

Wasu sun ce ai 50 in an raba biyu-biyu mutum 25 ne kawai. Ba haka abin yake aiki ba, domin ba kowa ke jan data a daƙiƙa ɗaya ba. Mai karanta saƙo ba ya cin komai a lokacin da yake karantawa. Da rana layin yana ɗaukar mutane sama da ɗari ba wanda ya ji. Bayan tarawihi ne ake cunkoso, kowa ya buɗe tafsiri a Facebook ko bidiyo, nan yakan yi nauyi har wajen sha ɗaya.

Mun sami matsala da masu shagon tura karatu da waƙoƙi da finafinai a waya. Su ba sa hutawa, na'urarsu tana sauke kaya dare da rana. Ba mu kore su ba, sana'arsu ce, sai muka yi musu tikiti na daban mai gudu sosai wanda ke aiki daga tsakar dare zuwa asuba, lokacin da layin yake zaune ba aiki.

Wannan ya zo daidai da abin da liman ya nema. Tun zuwanmu na farko ya ce mana, "Malamai, ni ba ni ƙin ilimi. Amma ɗiyan mutane amana ne a hannunku." Ya so a toshe shafukan batsa da na caca, kuma a kashe tikitin gama-gari da dare don kada yara su kwana a gindin ƙarfe. Mun sa matatar da ke toshe irin waɗannan shafuka, na kuma gaya masa a fili cewa ba ta kama komai da komai, yaro mai wayo zai iya zagaye ta, tarbiyya tana nan a wuyan iyaye. Tikitin gama-gari yana mutuwa sha biyun dare, ya dawo da asuba. A azumi mun matso da dawowar zuwa lokacin sahur.

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

Zafin bazara ya wuce digiri 40, akwatin ƙarfen da kayan ke ciki ya zama ba a iya taɓa shi da azahar. Rauta ta fara kashe kanta tana tashi. Batirin litiyam ma ba ya son irin wannan zafi, yana rage masa kwana. An sauko da akwatin zuwa ɗan ɗakin mai gadi, na ƙasa ne mai sanyi, aka huda masa tagogi biyu aka sa raga saboda ƙadangaru da zanzaro. Tun daga nan bai sake ɗaukewa ba.

Kakar albasa ce, kuma a nan na ga amfanin da ban sa a lissafi ba. Wani manomi da ke da rudun ajiyar albasa kusa da eriyar kasuwa ya kira dillalinsa na Legas ta bidiyo, ya zazzage buhu a ƙasa, ya ɗauki albasa ɗaya ya yanka ta biyu a gaban waya don mai saye ya ga cikinta ba ruɓa, ya matsa wuyanta ya nuna ta bushe. Suka yi ciniki, aka turo kafin alƙalami, ya ga shigar kuɗin kafin ya tashi daga wurin. Kafin nan ya riga ya tambayi farashin kasuwar albasa ta Aliero na ranar a zauren WhatsApp na manoma. A da sai dai ya karɓi abin da mai mota ya faɗa masa.

Masu JAMB suna taruwa a makaranta da yamma suna gwajin jarrabawa a kwamfuta uku da wani ɗan gari ya ba da aro. Mun ba makarantar layi kyauta daga ƙarfe huɗu zuwa magariba, kwamiti ya amince da haka ba gardama.

Lahadi, 25 ga Mayu, 2025

Na zauna da littafin rajista na ƙirga sunaye. A cikin kowane mutum goma da suka sayi tikitin mako ko na wata, mace ɗaya ce, wani shafin ma babu. Wannan ya tsaya mini a rai, domin gari muka ce za mu kawo wa intanet, abin da muka yi zuwa yanzu kuwa na kasuwa ne da tasha da ƙofar fada, wuraren zaman maza.

Dalilin a fili yake. Yawancin wayoyin da ke hannun mutane, ƙananan Itel da Tecno, waifan zangon gigahaz 2.4 kawai suke kamawa. Eriyarmu tana da ƙarfin da za ta kai saƙo nesa, amma ita wayar ba ta da ƙarfin mayar da amsa. A fili takan yi mita ɗari da wani abu. Da zarar an shiga zaure, aka wuce katangar ƙasa mai kauri, aka shiga ɗaki mai rufin kwano, shi ke nan. Matan aure kuma a cikin gida suke, ba za su fito gindin ƙarfe su zauna ba.

Yayata ce ta fara yi mini maganar, ba ta kuma sassauta ba. Ta ce, "Kai da abokanka kun yi wa kanku abu. Ni da nake sayar da atamfa da turaren wuta, sai na ba yaro wayata ya kai kasuwa ya ɗora mini hoto, ya dawo ya ƙarar da caji a kallon ƙwallo." Ta kai ni wurin malamar Islamiyyarsu, wadda ta tara mata a tsakar gidanta. Abin da suka lissafa ya fi na maza tsari: tallar kaya, karatun da ake turowa ta murya, magana da 'ya'ya da ke makaranta a Birnin Kebbi da Sakkwato, tambayar ma'aikaciyar asibiti a kan awon ciki ba sai an yi tafiya ba. Wata ta ce ba ta son zuwa shagon namiji sayen tikiti, ba ta kuma son ya rubuta lambarta a littafinsa. Tana da gaskiya.

Ga abin da aka tsayar. Za a sa ƙaramar eriya a saman gida ta karɓo daga tanki, a sauko da kebul zuwa rauta a tsakar gida, a ƙarƙashin rumfa. Rauta ɗaya takan wadatar da gidan da maƙwabta biyu ko uku ta kan katanga. Kowace tana bukatar ɗan faifan sola da ƙaramin batir nata. Za mu fara da gida shida a unguwanni daban-daban, matan da kansu suka zaɓi gidajen. Matar gidan ita ce mai sayar da tikiti, ita ke riƙe littafin mata, ladan sayarwa nata ne. Malama ce za ta tattara lissafinsu ta kawo wa kwamiti, an kuma ba ta kujera a cikinsa.

Wani a kwamiti ya ce kuɗin nan gara a sa su a ƙara gudun layi, tunda kasuwa ce ke kawo riba. Na ƙi, kuma zan sake ƙi in aka dawo da maganar. Mata sun biya kuɗin rajista tun farko, wasu da kuɗin adashe.

Asabar, 28 ga Yuni, 2025

Hadarin daren Talata ya zo da iska da tsawa. Da safe gari ba intanet. Iska ta karkatar da faifan Jega, tsawa kuma, ko da ba a kanmu ta sauka ba, ta aiko da wuta ta cikin kebul ta ƙone abin raba layi. Sandar jan ƙarfe da muka binne don ta kai wutar tsawa ƙasa tana nan, amma ƙasar gindin tankin tsakuwa ce busasshiya, ba ta karɓar wuta da kyau. An haƙa ramuka uku masu zurfi, an ƙara sanduna an haɗa su da waya mai kauri, an cika da gawayi da gishiri, an kuma sa abin kariya a kowane kebul da ke saukowa daga sama. An ƙara wa bututun wayoyin ɗauri ta kusurwa uku.

Kwana huɗu aka yi a kashe, don sai daga Kano aka samo kayan. Duk mai tikiti an mayar masa da kwanakinsa. Kuɗin gyaran ya fito ne daga asusun da muke ware naira ɗaya cikin kowace biyar, ba a bi kowa gida neman gudummawa ba. Yanzu mun sayi na ajiya guda.

Lahadi, 3 ga Agusta, 2025

Tun tsakiyar Yuli gudun layin Jega yake raguwa a hankali, musamman bayan ruwa. Eriya ba ta motsa ba, kayan lafiya lau. Da muka sake bin hanya sai ga amsar a tsaye: kukar nan ta kan tudu ta cika da ganye ta yi shar, rassanta na sama sun shiga filin da saƙon ke bi, jiƙaƙƙen ganye kuwa yana shanye sigina. Itatuwan gawo da muka ji wa tsoro a Disamba su yanzu sun zubar da nasu, don shi gawo da damina yake kaɗe ganye.

Wani ya kawo shawarar a sare ta. Mai gonar ya ce kakansa ya tarar da ita, kuma rabin unguwarsu daga jikinta suke miya. Ba wanda ya sake tayar da zancen. An yi yarjejeniya cewa in za a ɗebi ganye bana a fara da rassan sama na ɓangaren gabas, mu za mu biya masu hawa. Mai walda kuma zai ƙara mita 3 a bututun tanki in an sami kwana biyu ba hadari.

Gida huɗu cikin shida na mata sun fara aiki. A lissafin Yuli da aka liƙa a ƙofar fada, tikitin da aka sayar a gidajen nan huɗu ya kusa kai na tasha, kuma su na wata suka fi saye, wanda shi ne ke ba mu natsuwar biyan kuɗin layi a kan lokaci. Watan Yuli ne na farko da abin da ya shigo ya biya layi da alawus ɗin mai gadi da kason asusun gyara, har ɗan canji ya rage.

A makon jiya wani mai neman kujera ya aiko cewa zai biya kuɗin layi na shekara guda, kowa ya sha kyauta, in za a sa hotonsa a shafin da ake rubuta lambar tikiti. An yi muhawara mai zafi, domin tayin ba ƙarami ba ne, kuma akwai masu ganin ₦100 ma nauyi ce a wannan lokaci na damina da hatsi ya ƙare a rumbu. Na fahimce su. Amma in mutane suka saba da kyauta shekara guda, ranar da ya daina biya ba wanda zai koma sayen tikiti, masu sayarwa sun watse, asusun gyara ya bushe, batir kuma yana da ranar mutuwarsa ko da zaɓe ko babu. Ga shi rabin gari ba jam'iyyarsa suke ba, su ma da kuɗinsu a ciki. An mayar masa da amsa cikin girmamawa cewa in yana son taimakawa ya sayi kayan gida biyun da suka rage, su zama mallakar ƙungiya, a rubuta sunansa a allon lissafi kamar na kowane mai gudummawa. Har yau bai ce komai ba.

Don masu ƙaramin ƙarfi, kwamiti ya amince da tikitin ₦50 na awa uku daga wannan watan. Ƙauyen da ke arewa da mu, kilomita 5, sun aiko wakilai suna so a miƙa musu. Mun ce su fara kafa nasu kwamitin da nasu asusun, su nemo wuri mai tsayi, mu kuma za mu nemi a ƙara layinmu zuwa megabit 80 kafin kaka. Yara biyu, mace da namiji, da suka gama sakandare bana sun fara koyon haɗa kan kebul da saita rauta a wurina duk Asabar. Awon hanyar ƙauyen za a yi shi cikin wannan watan, tun ganye yana kan itace.